Wasiƙa: Sunan da ke jikin na'urar awon jinin Hajiyarmu da masana'antar guragu ta Beppu

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida tamu, ina roƙon ka ɗan sam min fili in tofa albarkacin bakina kan maganar da ake ta yi kwanan nan, wai injina da mutum-mutumi za su ƙwace wa mutane aiki. Ni dai mai gyaran wutar injina ne a nan Kano, na fi shekara ashirin ina buɗe fanel, wato akwatin wutar injina, a Sharaɗa da Bompai da Challawa da ƙananan gidajen fiya wata na cikin unguwanni, don haka abin da zan faɗa daga cikin aikina ya fito, kuma akwai wani abu da ke ci min rai a gida wanda shi ya sa ma na zauna rubutun nan, zan zo kansa.

Hajiyarmu tana da hawan jini, to bara likita ya ce a saya mata na'urar awo ta gida a riƙa rubuta lambar safe da yamma. Na sayo, na kawo, ina ɗaura mata abin a dantse sai idona ya kai kan sunan da ke jiki, Omron. Wallahi sai da na tsaya. Don sunan nan na san shi tun ina yaron shago, shi ne a jikin rile, wato makunnin nan da wuta ke kunnawa da kashewa, mai gidan roba garai-garai da kake hango tagullar ciki tana motsi in wuta ta shiga, shi ne a jikin taima mai ɗan abin murɗawa a gaba, shi ne a jikin na'urar daidaita zafi ta injin liƙe leda, shi ne a jikin sansa da ke ƙirga kwalabe in suna wucewa kan bel. Na ce to me ya haɗa mai yin rile da awon jinin tsohuwa? Tun daga ranar na shiga bin labarin kamfanin, in na taso aiki da dare in zauna in yi ta karantawa a waya.

Wanda ya kafa shi sunansa Kazuma Tateisi, an haife shi a 1900 a garin Kumamoto da ke kudancin Japan. Maraya ne, babansa ya rasu tun yana farkon firamare, har sai da ya riƙa raba jarida gida-gida don a samu na abinci. Ya karanci aikin lantarki, ya yi wa gwamnatin yankin Hyogo aiki, daga nan ya koma wani kamfanin kayan wuta a Kyoto, sai karayar arzikin duniya ta 1929 ta zo, a 1930 ya bar aikin. Abin da ya fara yi da kansa zai ba ka mamaki, abin danne wando ne don ya yi kari, da abin wasa wuƙa, yana ɗauka da kansa yana tallarsu har a kasuwar da ke ci a harabar wurin ibadar Toji a Kyoto, kuma kasuwar ba ta yi masa kyau ba sam. Wani abokinsa mai sayar da injin ɗaukar hoton ƙirji na asibiti ne ya ce masa, in da za a sami taima da za ta yanke wuta daidai cikin kashi ɗaya bisa ashirin na daƙiƙa da an sayar da ita sosai, don a lokacin masu ɗaukar hoton suna fama, taimar da suke da ita ba ta da daidaito, hoton ba ya fita tas. Ya zauna ya haɗa ta. A 1933 ya buɗe ɗan shagonsa a Osaka da sunan Tateisi Electric da ma'aikata ƙalilan, wannan shi ne asalin kamfanin.

Ka ga ke nan tun ranar farko akwai asibiti a cikin labarin, tambayar da na yi wa kaina a ɗakin Hajiya ta sami amsa. Abin da ya kafa kamfanin taima ce, rile ne a cikinta, kuma duk abin da suka yi daga baya in ka bi shi a hankali abu ɗaya ne, wata aba ta ji ko ta gani, sannan ta ba da umarni a kunna ko a kashe. Na'urar awon jini ma haka take, famfo ya hura iska, sansa ta ji bugun jijiya, ɗan bawul ya saki iskar. Hausawa suka ce kar a raina allura, ƙarfe ce, rile ɗin da bai kai akwatin ashana biyu ba shi zai tsayar maka da masana'anta sukutum, ma'aikata hamsin su zauna a inuwa suna jiran a nemo shi a Sabon Gari.

Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu bama-bamai sun cinye masana'antarsu ta Osaka a 1945, sai suka tattara suka koma reshensu na Kyoto a wata unguwa da ake kira Omuro, daga sunan unguwar nan ne aka samo Omron. Bayan yaƙi ba kasuwar rile, sai suka koma yin ƙananan kayan gida irin su risho na lantarki da abin gyaran gashin mata don kar a rufe. Sunan Omron ya daɗe a matsayin tambarin kaya kawai, sai a 1990 aka mayar da shi sunan kamfanin gaba ɗaya, shekara ɗaya kafin mai kamfanin ya rasu a 1991.

A farkon shekarun 1950 ne Tateisi ya ji labarin yadda ake sa injina su riƙa tafiyar da kansu a masana'antun Amurka, a 1953 ya tashi ya je ya gani da idonsa, gani ya kori ji, ya dawo ya juya akalar kamfanin kacokan zuwa wannan fanni. Abin da ya fi burge ni a nan shi ne a 1960 ya gina cibiyar bincike da kuɗin Japan yen miliyan 280, wanda ya ninka jarin kamfanin sau huɗu a lokacin, mutane na ta gunaguni wai son zuciyar mai gida ne kawai. A shekarar nan suka fito da makunnin da ba ya taɓa komai, ƙarfe ya matso kusa da shi kawai ya ji, babu abin da ke gogar wani balle ya cinye. Duk wanda ya taɓa kankare bakin tsohon makunni da ya ƙone ya yi baƙi ƙirin ya san darajar wannan abu. Ni da hannuna na cire irin wannan sansa daga injin da ya girme ni a aiki, na goge mata ƙura na mayar, ta ci gaba da aiki.

Daga nan sai abubuwa suka yi ta fitowa. A 1964 sun sa danjar kan titi mai lura da yawan motoci ta canza da kanta a wata mahaɗa a Kyoto. A 1967 sun kafa ƙofar tikiti mai aiki ba ma'aikaci a tashar jirgin ƙasa ta Kita-Senri ta kamfanin Hankyu kusa da Osaka, ka sa tikitinka ta karanta ta buɗe maka, don a lokacin cunkoson masu zuwa aiki da safe ya fi ƙarfin masu huda tikiti da hannu. A 1971 sun yi injin cirar kuɗi da ke haɗe da kwamfutar banki kai tsaye, kakan ATM ɗin da muke bin layinsa yau ke nan. Na'urar awon jini ta farko sun fitar da ita a 1973, kuma zuwa 2021 sun ce sun sayar da fiye da miliyan 300 a duniya. Amma fa duk sunan da ta yi musu a gidaje, ɓangaren lafiya bai kai kashi ɗaya cikin biyar na cinikinsu ba, babban abincinsu yana wajen kayan masana'antu, su PLC, wato 'yar kwamfutar da ke sarrafa inji, da sansa da mutum-mutumin haɗa kaya, cinikin kamfanin gaba ɗaya a shekara yana kaiwa wajen yen biliyan 800.  Har wani mutum-mutumi gare su mai suna Forpheus da ke buga ƙwallon tebur da mutum yana rage ƙarfi ko ya ƙara gwargwadon iyawar abokin wasansa, wannan kam don nuni ne a wajen baje koli, na wuce shi.

To Malam Edita ga inda nake son zuwa. Ina da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, shan inna ta kama shi yana ɗan shekara uku, ƙafafunsa biyu ba sa ɗaukarsa, da keken guragu yake yawo. Amma hannunsa, wallahi ban ga irinsa ba. Tun yana ƙarami in na dawo da allon na'ura da ya ƙone shi ke zama a tabarma da ƙarfen narka dalma, ya sa tabarau ya bi layin tagulla ɗaya bayan ɗaya har ya gano inda ya katse, abin da zai ɗauke ni yini shi kafin la'asar ya gama, kuma ɗaurin dalmarsa sumul kamar daga kamfani ya fito. Shekara biyu da suka wuce wata masana'anta da nake yi wa gyara suna neman mai kula da allunan injinansu, na ce ina da mutum, na ɗauko shi a adaidaita sahu muka je. Ɗakin gyaran yana sama, matakala goma sha wani abu, ni da wani mai gadi muka ɗaga shi da kekensa muka hau da shi. Aka ba shi allon da ya gagari mutum biyu, cikin minti arba'in ya miƙa musu, aka sa a inji ya tashi. Manajan ya yaba ƙwarai, sannan ya ja ni gefe ya ce, Injiniya yaron nan ya iya aiki amma ka ga yanayin wurin namu, wa zai riƙa hawa da shi kullum, ga banɗaki ma a ƙasa yake. Ya ciro kuɗi ya ce a ba shi ya sha ruwa. Da muka fito ƙanen nawa bai ce komai ba har muka kusa gida, sai ya ce, Yaya da teburin kawai suka sauko da shi ƙasa ai shi ke nan. Maganar nan har yau tana nan a ƙirjina.

Shi ya sa da na kai kan labarin Beppu na kasa barci a daren. Beppu wani gari ne a yankin Oita a kudancin Japan. Akwai wani likitan ƙashi a can, Dakta Yutaka Nakamura, wanda ya je Ingila ya ga yadda ake farfaɗo da masu ciwon laka ta hanyar wasanni a asibitin Stoke Mandeville, kuma yana cikin waɗanda suka tsaya aka yi gasar nakasassu ta Tokyo a 1964. A wajen gasar ya lura 'yan wasan da suka zo daga Turai da Amurka yawancinsu suna da aikin yi suna da iyali, nasu na Japan kuwa daga gadon asibiti ko gidan kula da marasa ƙarfi aka kwaso su kuma can za a mayar da su. Abin ya dame shi, a 1965 ya kafa wata cibiya mai suna Taiyo no Ie, wato Gidan Rana, takensu shi ne ba sadaka suke nema ba, dama suke so a ba su. Ya yi ta yawo kamfani-kamfani yana neman wanda zai kawo aiki na gaske, ana ba shi haƙuri, wasu su miƙa masa gudummawa su sallame shi, irin dai abin da aka yi wa ƙanena. Da ya zo wajen Tateisi sai aka dace, a 1972 suka haɗa hannu suka kafa kamfanin Omron Taiyo, masana'anta ta sosai da ke haɗa kayan lantarki, ma'aikatanta masu nakasa ne, ciki har da masu tsanani, ana biyansu albashi, kuma tun shekarar farko ta ci riba. Mutanen da aka saba yi wa kallon abin tausayi suka koma masu biyan haraji.

Yadda suka yi shi ne abin da nake so masu masana'antunmu su ji. Sun dubi kowane ma'aikaci suka ga me yake iyawa me ya gagare shi, sai a ƙera abin da zai cike masa gurbin. Mai keke a yi masa tebur daidai tsayin kekensa, mai hannu ɗaya a yi masa maƙalin da zai riƙe masa kayan, wanda ba ya iya miƙa hannu nesa a sa akwatin kayan ya riƙa matsowa gabansa, wanda idonsa ke da rauni sansa ta duba masa ko ya sa abin daidai. Kuma da yawa daga cikin dabarun nan ma'aikatan ne da kansu ke kawo shawararsu. Wannan fa shi ne ainihin aikin da nake yi kullum da sansa da rile da silinda ta iska, babu wani sihiri a ciki, rabin kayan ma akwai su a kasuwarmu. Bayan da aka ga abin ya yiwu sai Sony suka bi a 1978, Honda suka bi a 1981, Omron kuma suka ƙara wata a Kyoto a 1985. Tateisi yana da wata magana da ma'aikatansa ke yawan maimaitawa, cewa aikin da inji zai iya a bar wa inji, mutum kuma ya ji daɗin aikin ƙirƙira. A wasu wuraren za ka iya cewa daɗin baki ne na masu kamfani, amma a Beppu dai na ga inda maganar ta zama albashi a aljihun gurgu.

Ba zan ɓoye ɗaya gefen ba don ban zo tallar kowa ba. Ƙofar tikitin nan ta 1967 ai aikin wasu ta ɗauka, masu huda tikiti sun ragu, injin cirar kuɗi ma ya rage masu zama a kanta. Shi kansa kamfanin a watan Fabrairun 2024 ya ba da sanarwar zai rage ma'aikata wajen 2,000 daga cikin kusan 28,000 da yake da su, rabi a Japan rabi a waje, saboda kasuwar kayan masana'antu ta ja baya musamman a Chaina inda suka dogara sosai, ribarsu ta faɗi warwas. Mutum dubu biyu gidaje dubu biyu ne, kuma taken kamfani komai daɗinsa ba ya biya musu kuɗin haya. Don haka masu tsoron injina ba su yi ƙarya ba, ni ma na ga gidan fiya wata da ya sallami yara shida ranar da aka kawo injin da ke ƙirga leda yana zubawa a jaka da kansa, kuma ni aka kira na haɗa masa wuta, ranar ban ji daɗin kuɗin da aka biya ni ba. Abin da nake cewa shi ne sansar da ta kori yaran nan shida irinta ce ta zaunar da mai hannu ɗaya a bakin aiki a Beppu, wanda ya sayi injin shi ke zaɓar inda zai sa ta.

Su a Japan doka ta ɗora wa kamfanoni masu zaman kansu adadin masu nakasa da dole su ɗauka, a Afrilun 2024 an ɗaga shi zuwa kashi 2.5 cikin ɗari, manyan kamfanonin da suka gaza cikawa kuma su biya kuɗi. Mu ma nan ai muna da doka, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta haramta nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci, ta ce ma'aikatun gwamnati su ware musu aƙalla kashi 5 cikin ɗari na guraben aiki, ta kuma ba da shekara biyar a gyara gine-ginen da jama'a ke shiga yadda mai keke zai iya shiga. Shekara biyar ɗin ta cika tun farkon 2024. Ni dai a yawon da nake yi da jakar kayan aikina, matakala nake gani a ko'ina, har a wuraren da aka gina bayan dokar. Kuma kowa a Kano ya san guragun da ke ƙera kekuna masu ƙafa uku da lilon yara a bakin titi, suna yanka ƙarfe suna walda a zaune a ƙasa cikin rana, wanda ya iya wannan me zai gagare shi a kan tebur mai inuwa da fanka?

Wani abu kuma da zan roƙi masu karatu, tunda na ambaci na'urar awon jini. Jabun kaya sun cika kasuwa da sunan manyan kamfanoni, na sha sayen rile da tambari a jiki sati biyu ya ƙone, in ka fasa ka ga tagullar siririya kamar gashi. A inji asarar kuɗi ce kawai, amma a na'urar awon jini rai ne, don lambar ƙarya za ta sa tsohuwa ta bar shan magani ko ta ƙara. Wanda ya saya ya kai ta asibiti a gwada ta tare da ta likita a ga ko sun yi kusa, ya tabbatar abin ɗaurawar daidai dantsen mai amfani da ita ne, a zauna a huta minti biyar kafin a auna, hannu a kan tebur daidai ƙirji. Mu haka likitan Hajiya ya koya mana kuma ƙanen nawa ne ke rubuta mata lambar a littafi safe da yamma.

Roƙona gare ka Malam Edita, ka tura wakilinka ya zaga masana'antun Kano da Kaduna ya tambayi masu su, masu nakasa nawa ne a cikin ma'aikatansu, kuma me zai ci musu in sun sauko da tebur ɗaya ƙasa sun zuba siminti a bakin ƙofa yadda keke zai hau. A buga amsar da suka bayar yadda suka faɗe ta. In akwai mai masana'antar da ke son gwadawa, ni na ɗauki alkawarin zan zo in auna wurin in haɗa teburin da maƙalan da wutarsa ba tare da na karɓi kuɗin aiki ba, kayan kawai zai saya, sai ya nemi lambata a ofishinku na bar ta tare da wasiƙar nan. Ƙanena yanzu yana zaure da teburin da na yi masa daidai kekensa, masu gyaran waya da inbata na unguwa suna kawo masa abin da ya gagare su, jiya ma allo uku aka kawo masa daga wata masana'anta a Sharaɗa, yaron da ya kawo ya ce a yi sauri don injin a tsaye yake.

Na gode, Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Mai gyaran wutar injina,
daga Kano.